Ni da Yaya Sahabi a Kan Ranar Sakin Shanu

Na san abin da ake gaya muku a gari, domin ni ma yana dawowa kunnena. Ana cewa babanku ne ya kwance wa yayansa zani a kasuwa, ya bi bayan Fulani saboda ƙwaryar nono. Wasu cikinku sun yi dambe a makaranta kan wannan magana, suka dawo gida da kumburarren leɓe suka ce faɗuwa suka yi. Mahaifiyarku Kulu ce ta gaya mini gaskiya bayan shekaru. Yanzu ƙafa ta hana ni yawo, amma zuciyata ba ta koyi zama ba, shi ya sa na ɗauki biro. Baffanku Sahabi ba ya raye balle ya katse ni, kuma da yana nan da tuni ya katse ni tun a layin farko. Don haka zan yi ƙoƙari in faɗi tasa maganar da irin ƙarfin da shi zai faɗe ta.

Yaya Sahabi shi ne babba a ɗakin Inna, ni ne auta. Ɗan kasuwar hatsi ne, ya yi suna tun daga Tambuwal har Kebbe, mutum mai dogon taki da babbar murya, wanda idan ya ga abu ya karkace ba ya jiran a kawo tsani. Ni kuwa malamin firamare ne, na saba da jiran yaro ya gama haɗa baƙi ko da zan yi gyangyaɗi. Shekarar da aka zaɓe shi ciyaman na ƙaramar hukumarmu, ni ma mutanen mazaɓarmu suka tura ni kansila. Kansiloli kuma suka ɗora ni shugabansu, ba don sun ga wata basira a goshina ba, sai don suna ganin ƙanen ciyaman zai fi saurin samo musu sa hannu. Mutane suka riƙa cewa gwamnati ta tare a gida ɗaya. Inna kan ce ita dai ba ta ga gwamnati ba, yara biyu ta gani da har yanzu ba su iya cin tuwo ba tare da gardama ba.

Ku da kuka taso a makarantun kwana ba lalle ku san yadda ake sakin shanu ba, bari in bayyana. Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, garkunan Fulani sukan gangaro daga dazukan da suka yi damina, su tsaya a bakin gonaki suna jira. Suna son kara da karmami da harawa, mu kuma muna son takin da za su bari. Amma ba a sakin su sai an yi zama a ƙofar uban ƙasa. Sarakunan noma su zauna gefe guda, su Ardo gefe guda, kansiloli a tsakani. Kowane sarkin noma ya miƙe ya faɗi abin da ya rage a gonakin yankinsa, Ardo ya faɗi halin da dabbobi ke ciki, a yi ta ja-in-ja, a tashi salla a dawo a ɗora. A ƙarshe rana ta fito. Majalisar kansiloli ta amince da ita, ciyaman ya sa hannu, sannan a yi shela a kasuwanni. Wannan mataki na ƙarshe dokar ƙaramar hukuma ce da muka tarar. Zaman kansa kuwa ya girmi ƙaramar hukumar, ya girmi kakanninmu.

A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya yi jinkiri, sai da aka yi shuka sau biyu. Gero ya samu, amma dawa da maiwa da wake suna tsaye shar a lokacin da ciyawar daji ta riga ta bushe. Shanu suka sauko da wuri, ramammu, suka yi cirko-cirko a bakin gonaki. Manoma suka fara yini a gona da sanduna. Kowa ka gani ransa a tsaye yake. Yaya ya zaga ƙauyuka da safe ɗaya, ya ga abin da idonsa, ya dawo sakatariya ya sa aka ɗaura lasifika a kan mota. Ina tsaye wajen mai gyaran babur a kasuwar garinmu motar ta wuce tana shela: ciyaman ya ce kada saniya ɗaya ta taka gona sai wata mai kamawa ya raba tsakiya, wadda aka kama kuwa hukuma ta riƙe ta. Kasuwa ta ɗauki sowa. Mai gyaran babur ya miƙo mini hannu duk baƙin mai yana cewa mun kyauta. Na karɓi hannun, na ji kunya ta rufe ni, domin ni shugaban kansiloli a bakin lasifika na fara jin maganar.

Ku lura da abu ɗaya, don masu ba ku labari suna tsallake shi. Ina da gonar wake a tudu, kan hanyar Kebbe, kuma waken bai nuna ba. Shelar Yaya ni ta fara yi wa rana. Da na ja bakina na yi shiru, da na cika buhunana lafiya lau.

Washegari da hantsi Ardo Manu ya yi sallama a zaurena. Shi ne babban ardon yankinmu, rugarsa na can wajen Fakku, mutum siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ya ajiye sandarsa, ya ƙi shan ruwan da aka kawo sai da ya gama magana.

"Malam Labbo, ban zo biɗar a rage man kwana ba. Bisashe sun rame, amma ba bana sunka fara ramewa ba. Tambaya guda niz zo da ita. Wa yas sa ranag ga?"

Na ce, "Ciyaman."

"Shi da wa?"

Na ce shi kaɗai. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba.

"In ina zaune anka sa rana, ko ta yi man nisa, in na koma ruga sai in ce ma samari, da ni anka yi, kak kowa shi motsa. Su ko kunyata suka ji, ba tsoron hukuma ba. To yanzu mi za ni ce masu? In ce mota tac ce?"

Bayan tafiyarsa na kasa zama. In shiga cikin gida, in fito zaure, in tayar da babur in kai bakin gari in juyo ban san abin da na je yi ba. Kulu na tankaɗe a tsakar gida tana bina da ido, har ta gaji.

"Malam, ka zauna ka huce. Wakenka na gona, yayanka ya tsare maka shi, mutane na sa maku albarka. Kai kuma ƙaiƙayi kaka ji. Wane irin mutum na kai?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Al'adarmu ce kowace Juma'a bayan an sauko masallaci mu ci abinci a ɗakin Inna, ni da Yaya, a kwano ɗaya. Ran nan na tarar ya riga ni, ya tuɓe babbar riga, rediyon Inna na kunne. Wasu masu ilimi ne ke ta musu a ciki, ɗaya na cewa ƙasar nan ta koma tsarin firaminista inda majalisa ke riƙe da wuyan shugaba, ɗaya na cewa a'a, shugaba mai cikakken iko ne kawai zai iya da mu. Yaya ya nuna rediyon da loma a hannu.

"Ka ji su ko? So sukai a mai da mu inda shugaba ba shi iya tari sai majalisa ta ba shi izini."

Na ce, "Kai ma ka yi wani tari shekaranjiya, Yaya, dut kasuwa ta ji. Ba ka biɗi izinin kowa ba."

Ya ajiye lomar. Ya kashe rediyon. Inna ta ɗago kai daga goron da take gogawa, don haƙoranta sun riga sun tafi.

"Labbo, kai mazaɓa guda taz zaɓe ka. Ni dut ƙasag ga taz zaɓe ni. In shanu sunka cinye dawar talakawa, ba ƙofar kansila za su zo kuka ba, ƙofata za su zo. In anka zub da jini, ni za a kira birni in yi bayani, kai kana nan kana shan fura. Wanda za a tuhuma, shi ya kamata shi yanke. Bara ba zama kunka yi ta yi ba, yau wane bai zo ba, gobe wane ya yi fushi, har bisashe sunka shiga da kansu?"

Gaskiya ya faɗa, an yi haka. Na ce masa ban zo in ce ranarsa ba daidai ba ce. Na ce da ni aka tambaya a wurin zama, ita ɗin zan faɗa, ko ma in ƙara.

"To mi ar rigima?"

"Ba naka na ba ka sa ta kai ɗai."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya juya ga Inna kamar yana neman shaida. Ni kuma bakina ya riga ya buɗe. Na ce yau shi ne ciyaman, ɗan manoma, zuciyarsa na gona. Gobe wani zai hau kujerar wanda garkensa ya fi na Ardo Manu yawa, shi ma ya ɗaura lasifika ya saki shanu dawa na tsaye, kuma idan aka yi magana ya ce ai Sahabi ma haka ya yi aka tafa masa. Na ce ƙofar da ya ɓalle yau ba shi zai tsaya gadinta har abada ba.

"Wato a ɗaure hannun mai son gyara don tsoron mugun da bai zo ba tukuna? Dawa ta bana ta, Labbo. Mugunka na baɗi na, ko ma ba shi zuwa."

Wallahi har yau idan na tuna tambayar nan sai na gyara zama. Inna ce ta tsoma baki. Ta ce mahaifinmu, rumbu nasa ne, hatsi nasa ne, amma bai taɓa fasa babban rumbu ba sai ya kira ƙanensa ya tsaya a kai. Na ji daɗi, na ɗauka ta shigar mini. Sai Yaya ya ce ai shi ya sa wata shekara gara ta ci rabin hatsin ana jiran Baffa ya dawo daga fatauci. Inna ta kwashe da dariya har da tari, ta ce haka ne kuwa, an yi wannan, ta ma manta. Sannan dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ni ban san gwamnati ba. Kowa cikinku ya iya magana, tun kuna ƙanana haka kuke. Abu guda nika roƙonku. Kak ku kai man maganag ga gaban mutane."

Da muka fito, Yaya ya tsayar da ni a soro. Muryarsa ta sauka, irin saukar da ban saba ji ba. Ya ce in kira kansiloli mu ɗaga hannu kawai, a rubuta cewa majalisa ta amince da shelarsa. Ni na samu dokata, shi ya samu ranarsa, kowa ya huta.

"Kak ka kunyata ni, Labbo. Ni nig goye ka. Ni nik kai ka makaranta bisa kekena."

Wannan ma gaskiya ce. Mahaifinmu ya so in bi shi gona, Yaya ne ya tsaya kai da fata har aka bar ni na yi karatu. Duk abin da na iya na gardama, a kan kekensa na je na koyo shi.

Kwanakin da suka biyo ban san inda na sa kaina ba. Na je ofishinsa in roƙe shi ya kira zaman da bakinsa, ta yadda girman zai zama nasa, aka ce ya fita. Na bi shi gona, aka ce yanzu ya tashi. Na gane guje mini yake yi. Na je wurin uban ƙasa, ya ce shi ba zai shimfiɗa tabarma a kan maganar da ciyaman ya riga ya yanke ba sai majalisa ta nema. Abinci ya daina shiga mini. Ana haka labari ya zo cewa a wani ƙauye an sari saniya a ƙafa, samarin ruga kuma sun fara yawo a gungu. Kowane ɓangare na cewa ɗayan ne ya fara. Na kira majalisa.

Ɗakin majalisarmu ƙarami ne, fankarsa ta daɗe da mutuwa, ranar kuwa har tagogi mutane sun cika. Aka yi ta magana. Wani kansila ya ce shelar ciyaman ta ceci talaka, wanda ya taɓa ta maƙiyin manoma ne. Wani ya ce idan haka ne a rufe ɗakin nan a mayar da shi shagon hatsi, tunda ba mu da aiki sai ɗaga hannu. Wani ya ce mu amince bana kawai saboda lalura, baɗi a koma kan tsari. Wannan ta fi ja na, don ita ce hanyar da zan bi in koma ɗakin Inna lafiya. Amma na yi koyarwa, na san abin da "yau kawai" ke zama idan ka ƙyale yaro sau ɗaya. Aka kaɗa ƙuri'a, ta rabu biyu daidai, kuma a ƙa'ida idan aka yi kunnen doki shugaba ne ke raba gardama. Duk ɗakin ya zuba mini ido. Na ji muryar Inna, na ji ta Yaya a soro. Na ce shela ba ta zama doka ba sai an yi zama, kuma majalisa na roƙon uban ƙasa ya kira zaman ba tare da jinkiri ba. Kafin in kai bakin ƙofa wani daga taga ya riga ya kira ni ɗan nono.

Na yi zaton Yaya ba zai zo zaman ba. Ya zo. Ya gaida uban ƙasa, ya zauna a kujerar da aka ajiye masa, ya harɗe hannuwa, bai ce uffan ba tun daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya san shi ya san shirun nan ya fi zagi. Sarakunan noma suka yi bayani, Ardo Manu ya yi nasa, aka ja aka ja. Abin da aka tsayar shi ne a saki shanu kashi-kashi: a fara da tudu inda aka riga aka kwashe gero, ƙasar dawa da maiwa kuwa a jira. Ranar tudu ta zo kusa ƙwarai, ta riga ranar Yaya da nisa. Ardo Manu ya miƙe ya ce ya yarda, kuma duk saniyar da ta tsallaka ƙasar dawa kafin lokaci a zo a kama shi shi kansa. Aka kawo wa Yaya takarda ya sa hannu. Ya miƙa mini biron ba tare da ya dube ni ba, ya shiga mota.

Kada wani ya gaya muku abin ya ƙare da daɗi. A tudun nan akwai gonakin wake da ba su nuna ba, har da tawa. Manyanku za su tuna yadda muka kwashe ku duka, da Kulu da maƙwabta, muka riƙa roron wake ɗanye muna shanyawa a tsakar gida, rabi ya yi baƙi ya ruɓe. Ni ina da abin da zan dogara da shi. Akwai waɗanda ba su da shi. Wani dattijo, Mamman Altine, wanda wakensa ne cefanensa na shekara, ya tare ni a bakin masallaci ya riƙe mini riga.

"Malam, ciyaman ya ba ni wata guda, kai ka amshe. Dokag ga taka, ita za ni dafa ma ɗiyana?"

A kan wake, Yaya ne ya yi daidai. Samarin ruga sun tsaya inda Ardo ya ce su tsaya, dawa ta tsira, ba a zubar da jini ba a shekarar. Amma ba zan yi muku rantsuwa cewa don ni ne ba. Wataƙila da shelar Yaya ta tsaya ma da an wanye lafiya. Allah kaɗai ya san wannan, kuma rashin sanin ya daɗe yana cina.

Daga ranar Yaya ya rufe ni. Ba gaba irin ta jahilai ba, yana amsa sallama, yana zuwa suna da jana'iza. Amma gardamar ta mutu. Ran Juma'a sai ya bari na ci na tafi sannan ya shigo ɗakin Inna, aka koma kwano biyu. Ban taɓa sanin cewa musun da muke yi shi ne zumuncinmu ba sai da na rasa shi. Inna ba ta tsawata mini ba. Sau ɗaya kawai, ina gyara mata matashi cikin ciwonta na ƙarshe, ta ce, "Na dai roƙe ku, Labbo." Ta rasu muna haka. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, kuma ba ta daina ba. Da zaɓe ya zagayo mutanen mazaɓarmu suka mayar da ni gida, ban yi mamaki ba. Yaya ma ya gama wa'adinsa ya koma hatsinsa da gonarsa.

Shekaru suka wuce. Aka zo wani lokaci da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka turo mana kantoma daga birni, ba kansila ko ɗaya. Kaka ta yi, damina ta sake yin jinkiri, sai ga mota da lasifika: kantoma ya saki shanu, tun dawa na tsaye. Babu wanda aka kira, babu ɗakin da za a je a yi musu. Ba zan ɓoye muku ba, ban ji daɗin komai ba, haushi kawai na ji. Da la'asar ina zaure sai na ji tsayawar babur. Yaya ne, ya tsufa, ya rame, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Tashi mu tafi wurin Ardo Manu. Maganarka shika ji." 

Ganin na yi sororo, ya ƙara: "Kai nika jira. Tashi."

Na hau bayansa. Muka kama hanyar Kebbe, yana tuƙi kamar yadda yake komai, ba ya kauce wa rami. Muka yi nisa. Ni ne na kasa haƙuri, kun san hali. Na matsa kusa da kunnensa na ce to ga mugun baɗi ya iso.

"Kak ka haɗa ni da shi!" Ya yi tsawa har babur ya yi tangal-tangal. "Ni zaɓe na anka yi. Shi ko aiko shi anka yi."

Na ce shanun da za su shiga dawarsa ba su san bambancin ba.

"Kai dai ba ka canza ba. Har gobe ranata ta fi taku daidai. Ka tambayi Mamman Altine."

"Na sani, Yaya."

"To in ka sani mi kaka ja?"

Muka ɗora daga inda muka tsaya a ɗakin Inna, kamar jiya aka tashi. Yana ihu iska na kwashe rabin maganar, ina mayar masa. Hawaye na zubo mini a bayansa, na bar shi ya ɗauka iska ce. Ardo Manu ya ga mu biyu a kan babur ɗaya, ya daɗe yana kallonmu. Ya ce shi ba hukuma ba ne, ba zai iya soke shela ba, kuma ba duk garkuna ne nasa ba. Amma tunda an zo an tambaye shi, nasa samarin za su dakata har a yanke dawa. Wasu gonakin sun tsira, wasu an cinye, cikinsu har da gefen ta Yaya da wani baƙon garke ya afka wa.

Bayan nan muka koma kwano ɗaya, a zaurena ko a nasa, muna musu har abinci ya huce. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa na yi kuskure ba. Ya tafi a kan cewa shugaban da aka zaɓa a sakar masa hannu ya yi aiki, in ya ɓata a kayar da shi a akwati. Ni ina nan a kan cewa kafin ranar akwati ta zo an riga an cinye gonar. Ku zaɓi wanda kuka ga dama a cikinmu, amma kada ku sake yarda wani ya ce muku ƙiyayya ce.

Ciwonsa na ajali bai daɗe ba. An kwantar da shi asibiti a Tambuwal, na je na dawo, na sake komawa, ranar da na zo gida ɗaukar kaya a ranar ya cika. Da aka kawo shi gida, malaman unguwa suka fara shirin wanka, sai babban ɗansa ya dakatar da su. Ya zo ya durƙusa gabana, ya ce Baba ya bar saƙo, kuma ya ce a faɗa mini da kalmominsa, kada a gyara.

"Ku kira Labbo shi yi man wanka. Shi ba shi tsallake ƙa'ida, ko don ɗan'uwa nai."

Na naɗe hannun riga na shiga. Na yi masa shi a hankali, gaɓa bayan gaɓa, dama kafin hagu, ban tsallake komai ba.